Motocin da Ke Tsakanin Auta da Likita

Da sunan Allah nake buɗe baki, wanda ya yanka wa kowane rai wa'adinsa bai nemi shawarar kowa ba. Amincinsa ya tabbata a gare ku baki ɗaya.

Malam liman, muna gaisuwa. Shugaban ƙungiyar masu gyaran mota, wanda aka ba kujera mai hannu saboda girman muƙaminsa da kuma ciwon bayansa, muna gaisuwa. Shugaban direbobin haya da 'yan majalisarsa, muna gaisuwa. Likitar asibitin unguwa, wadda ta bar layin marasa lafiya ta zo ta zauna da mu, mun gode. Mai shagon kayan gyara, makanikai, masu faci, masu fenti, maƙwabta na kusa da na nesa, sannunku da zuwa. Sai iyalin marigayi: maiɗakinsa, wadda 'ya'yanta ke kira Umma har mu ma muka ara, 'ya'yansa maza da mata, da ƙanensa kuma abokin aikinsa, Auta, wanda furfura ta gama da kansa amma har yau Auta ne, ga shi can baya zaune kan tsohuwar taya, da kayan aiki a jikinsa, kamar wanda ya zo wucewa.

Ya kamata in fara da bayyana yadda aka yi wannan nauyi ya faɗo kaina, don kada wani ya zaci an duba iya magana ne. Umma ce ta aika aka kira ni. Na tafi da shirin jin cewa a duk unguwar nan babu wanda ya kai ni sanin darajar kalma. Da na zauna sai ta ce, "Malam, kai ne ba ka gajiya da surutu, shi ya sa. Ba yabonsa nake nema ba, yabo ya ishe shi tun ranar da ya rasu. Auta nake so ka kai mini asibiti. Abin da ya ɗauke yayansa shi ne yake taɓa shi a ƙirji. Na yi magana, yara sun yi, likita ta yi. Ka tashi a gaban mutane ka yi ta yi har ya gaji ya yarda."

Ban taɓa samun gayyata mai ƙasƙanci irin wannan ba, kuma ban taɓa samun wadda ta fi ta dalili ba. Saboda haka, Auta, ka gyara zama. Zan yi maganar yayanka, amma da kai nake.

Jama'a, mun taru ne don tunawa da mai wayarin motar unguwar nan, wanda da yawanmu sai a wajen jana'iza muka ji sunansa na yanka. Mu dai Sai-na-auna muka san shi. Ka kawo masa mota ka ce batir ne, ya ce sai na auna. Ka ce makanikenka ya rantse sensa ne, ya ce sai na auna. Wata rana na gaishe shi na ce yau ana zafi, ya ɗaga kai ya dubi sama tsawon lokaci, har na tabbata amsar da ke bakinsa ke nan, kunya ce kawai ta hana.

Ya kasance mai ƙarancin kaya. Mita ɗaya ta auna wuta, mai igiyoyi biyu, ja da baƙa. Fitilar gwaji da ya haɗa da hannunsa daga ƙwan mota da guntun waya. Allurai 'yan kaɗan a cikin kwalin ashana. Da ƙaramar kwamfutar gwaji da yake ajiyewa cikin tsohuwar safa don ƙura. Da waɗannan ya riƙe gida, ya ilimantar da yara, ya kuma hana rabin motocin unguwar nan zama kejin kaji.

Ya kasance mai yi wa sensa adalci, a zamanin da ba a yi wa mutane ma. Ga waɗanda Allah ya kare daga mallakar mota, sensa ɗan ƙaramin abu ne da ke maƙale a jikin inji yana kai wa ƙwaƙwalwar mota rahoto: zafi ya kai kaza, inji na juyawa kaza, iska na shiga kaza. Idan rahoton ya ɓaci, fitila ta kama a gaban direba, a jona kwamfuta, ta ambaci sunan sensa, sai mu duka mu ce a cire shi a jefar. Na karanta tarihin dauloli da dama, na gabas da na yamma, kuma a kusan dukkansu idan labari bai yi wa fada daɗi ba, ɗan aike ake fara kamawa. Marigayi bai karanta tarihin ba, amma bai yarda da wannan tsarin mulki ba. Yakan ce mini, "Kwamfutar ba ta yi ƙarya ba, Malam. Cewa ta yi saƙo bai iso daidai ba. Ba ta ce ɗan aiken ne ya mutu ba. An ba shi wuta? Hanyar komawarsa na nan? Ka tambaya tukuna."

Sai ya durƙusa. Yawancin sensa waya uku gare shi: mai kawo masa wuta, ta ƙasa mai komawa jikin ƙarfen mota, da mai ɗaukar saƙo. Yakan zura allura ta bayan soket, ba tare da ya cire shi ba, ya taɓa kowace waya da bakin mita, ɗaya bayan ɗaya, inji na aiki. Na taɓa tambayarsa me zai hana ya cire abin ya kai tebur ya auna a natse. Ya ce, "A kan tebur kowa mutumin kirki ne. A wurin aikinsa nake so in gan shi." Na yi shekaru ina shugabantar malamai a makaranta, kuma ban ji bayanin aikin dubawa da ya fi wannan gajarta ba.

Mai shagon kayan gyara, ga shi nan zaune, ya shaida mini da bakinsa cewa babu wanda ya kashe masa kasuwar sensa kamar marigayi. Ya kuma shaida, da idonsa ya ciko, cewa duk sensan da marigayi ya aiko a saya, ba a taɓa dawo masa da shi an ce ba shi ba ne.

Ya kasance, Umma ki yafe mini, mai cin amanar butar shayin gidansa. Sensan zafin ruwa ba a gane gaskiyarsa sai an ɗumama shi ana kallon yadda lamba ke sauka a mita. A gareji babu murhu, a gida akwai. Wata safiya Umma ta ajiye kofi ta ce, "Wai ni kam, me ya sa shayin yau yake warin gareji?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri. Amma lafiyarsa ƙalau, lambar tana sauka yadda ya kamata."

Ta ce, "Lafiyar wa?"

Ya ce, "Sensan."

Ta ce, "To mu da muka sha fa?"

Ya ce, "Ku ban auna ba."

Ga ta nan tana murmushi cikin mayafi. Daga baya ta saya masa tasa butar, kuma yara sun ce ya ci gaba da amfani da ta gidan, wai ta fi saurin tafasa.

Amma abin da ya bambanta shi da duk masu sana'arsa shi ne yadda yake yi da larurar nan mai zuwa ta tafi. Kun san ta. Mota ta mutu maka a tsakiyar shataletale, mutane na ta danna maka oda suna ambaton iyayenka, ka samu da ƙyar ta tashi, ka kawo ta gareji, ta tsaya tana aiki lafiya lau kamar yau aka fito da ita daga kamfani. Kana rantsuwa, makanikai na kallonka irin kallon da ake yi wa mai ganin aljanu. Marigayi bai taɓa ƙaryata kowa ba. Yakan ce, "Na yarda da kai. Irin wannan kunya gare ta, ba ta fitowa a gaban baƙi. Ina za ka yanzu?"

Sai ya soka allurarsa, ya ja dogayen igiyoyi daga ƙarƙashin bonet ta gefen gilashi, ya shiga kujerar mai zaman banza, ya ɗora mita a cinya, ya ce mu je. Duk inda za ka, nan za shi. Mai gidan burodi zai ba ku labari: marigayi ya bi shi rabon burodi shago-shago, ya bi shi ɗauko yara daga makaranta, ya bi shi gidan surukai, inda aka zaci wani kawunsa ne daga nesa aka kawo masa ruwa da tabarma. Mai burodi ya gaji ya ce, "Don Allah mu canza sensan mu huta." Ya ce, "Idan muka canza ta dawo fa? Ka ga mun yi wa bawan Allah sharri, kuma ɓarawon yana cikin gida." Sai da inji ya yi zafi sosai a wata hawa, motar ta shaƙe, saƙo ya ɓace daga fuskar mita. Mai burodi yana salati, shi kuwa fuskarsa ta washe. Ya fita ya bi wayar da yatsa yana jijjigawa, lamba na zuwa tana tafiya, har ya iske inda ta goge a jikin wani ƙarfe. Gyaran bai kai tsawon ɗaura igiyar takalmi ba.

Wane ne a cikinmu bai ɗauke shi ba? Ya zauna a motocinmu muna faɗa da matanmu a waya. Ya jira mu a ƙofar ofisoshi muna roƙon alfarma. Ya ga inda muke tsayawa alhali mun ce wa gida muna wani wurin. Idonsa na kan mita, kuma har ya koma ga Ubangijinsa babu wanda ya ji labarin wani daga bakinsa. Malaman falsafa sun cika kundaye suna neman ma'anar riƙon amana. Da sun zo nan da na nuna musu ita zaune a kujerar gaba, da igiyoyi biyu a hannu.

Yanzu na zo inda ba na so in zo.

Tun bara ya fara jin ƙirjinsa na yi masa wani abu. Zuciya ta yi tsalle, ta yi kamar ta tsaya, duhu ya gilma masa, sannan ta koma daidai. Umma ta matsa, ya je asibiti. Aka kwantar da shi, aka manna masa wayoyi, takarda ta fito lafiya lau. Likita, ga ta nan, ba ta ƙaryata shi ba. Ta ce irin wannan ba ya cika fitowa a ɗakin gwaji. Akwai 'yar na'ura da za a maƙala masa a jiki ya tafi da ita harkokinsa, ya kwana da ita, tana rubuta bugun zuciyarsa, har abin ya zo a kama shi.

Likita ta ce ba ta taɓa ganin marar lafiyar da ya ji daɗin bayani irin haka ba. Ya ce, "Likita, ashe sana'armu ɗaya." Ta ce to gobe ya zo a saka. Ya ce, "Bari dai in gama da motar da ke hannuna. Mai ita yana jira."

Ya gama da ita. Kafin ya gama mun kawo wata. Kafin ya gama waccan mun kawo biyu. Mun san yana dafe ƙirji, don a gabanmu yake yi. Mukan ce, "Sannu, Allah ya sawwaƙe, ka je asibiti fa," sannan mu miƙa masa makulli. Ba mugunta ba ce. Kowa gani yake tasa ɗaya ce tak, kuma ƙarama ce, kuma da gaggawa. Haka al'umma take cinye mutanenta masu amfani, da ladabi, da gaisuwa, mota ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da abin ya zo, da hantsi ne, yana kujerar gaba a wata motar haya da ke mutuwa in ta yi zafi. Direban, wanda ya roƙe ni kada in nuna shi, ya ce ya yi ta ba shi labari har sun wuce kasuwa. Shirun bai dame shi ba, don ya saba marigayi ba ya magana in yana kallon mita. Sai da ya taka birki ya ga kan marigayi ya langaɓe. Mitar na kan cinyarsa tana nuna lamba daidai. Motar ba ta yi ko tari ba.

Umma, ki yi haƙuri. Kin bar mana rabin mijinki tsawon aurenku, kin yi ta ɗumama abinci yana hucewa, ba ki taɓa tare ɗayanmu a hanya kin faɗa masa magana ba, ko da yake mun cancanta. Ku 'ya'yansa, ku yi haƙuri. Mahaifinku bai bar muku gidaje ba, amma ya bar muku suna wanda duk inda kuka ambata a unguwar nan za a tashi a ba ku kujera. Ku riƙe shi, ku kuma koyi abu ɗaya da shi bai koya ba, wato cewa a'a.

Auta, na iso kanka.

Likita ta faɗa wa iyali cewa irin wannan ciwo yakan bi dangi, 'yan'uwa su zo a duba su. Umma ta gan ka da idonta, ba sau ɗaya ba, ka ajiye fitilar gwaji ka zauna kan tayar nan da kake kai yanzu, ka dafe ƙirji kana jiran duhu ya wuce. Da ta yi maka magana ka ce, "Matar Yaya, gajiya ce." Ta ce, "Shi ma haka ya ce mini." Ka ce motocin da Yaya ya bari amana ce, sai ka sallami masu su. Magana ce mai kyau, kuma da ita muka binne yayanka.

Na leƙa filin garejin, ga shi a jikin gidan nan, da safen nan. Motocin da marigayi ya bari ka kusa gamawa da su. Amma filin ya fi cika yanzu fiye da ranar rasuwar. Na bincika yadda aka yi. Ashe wasu daga cikinmu sun zo ta'aziyya, sun yi addu'a, sun share hawaye, suna tashi suka ce, "Auta, tunda dai na zo, ɗan duba mini fitilar nan da ke kamawa." Ban ambaci suna ba. Ina dai ganin wasu na duba takalmansu.

To ga abin da zan roƙa, kuma shi kaɗai ne ladan wannan dogon jawabi. Ba za mu iya sa Auta ya karya amana ba, don ba a yi su haka a gidansu ba. Amma amanar tamu ce, muna iya karɓe kayanmu. Duk mai mota a filin nan, yau kafin ya koma gida, ya fitar da ita. Mai tashi a tuƙa ta, marar tashi a tura ta. A kai ta wani garejin, ko a ajiye ta a ƙofar gida yara su yi wasa a kai. Gobe da safe idan Auta ya zo ya ce bari ya gama da wadda ke hannunsa, ya duba ya ga babu komai a hannunsa.

Mai gidan burodi ya miƙe. Mun gode. Mai fenti ya miƙe. Shugaban direbobi ya ce nasa biyu ne, duk za a janye. Allah ya saka.

Auta, me ka ce? Ɗaga murya, kunnena ya tsufa. Jama'a, ya ce motar shugaban ƙungiya ba ta tashi, kuma shugaba tafiya gare shi jibi, ya yi masa alkawari. Ranka ya daɗe, ka ji. Ban so ta kai ga haka ba, shi ya sa ban ambaci suna ba ɗazu. Ga shugaban direbobin haya a gefenka, sana'arsa ke nan kai mutane tafiya. Ga masu faci nan kuma, Allah ya hore musu ƙwanji. Ba sai ka tashi ba, saboda bayan. Ɗaga hannu kawai in ka yafe alkawarin.

Ya ɗaga.

Saura me, Auta? Faɗi, yau ranarka ce, babu mai gaggawa. Ya ce idan aka maƙala masa na'urar abin bai zo ba fa. Likita ta ce sai a sake, ba ta gajiya. Ya ce, to idan ya zo fa.

Wannan ita ce tambayar, kuma na san ita ce ta zaunar da kai kan tayar nan duk kwanakin nan, ba motoci ba. Ba zan yi maka ƙarya a gaban liman ba, ban san abin da za a gani ba. Likita ta ce da yawa ana rayuwa da shi idan an san shi, da magani ko da wani aikin. Abin da na sani shi ne, akwai yara a gidan nan da suka rasa uba, kuma duk lokacin da ka shigo suna kallon fuskarka don tana kama da tasa. Umma ta ce in faɗa maka, in duk sauran maganata ta ƙare, cewa ba ta da ƙarfin sake shimfiɗa tabarmin zaman makoki a tsakar gidan nan. Ta ce ta gaji. Mu ma mun gaji, Auta. Mun gaji da tsayawa muna faɗin kyawawan halayen mutane bayan ba sa ji.

Ku ba shi hanya. Ku matsar da kujerar nan.

Ga waɗanda ke baya ba su gani ba, ya zo ya durƙusa ya miƙa wa matar yayansa makullin gareji. Ta ɗaure shi a bakin mayafi. Ta ce gobe da sassafe ita da kanta za ta raka shi, kuma ba zai ga makullin ba sai likita ta ce a ba shi. Ya ce, "To, matar Yaya." Ban taɓa jin jawabin da ya fi wannan daɗi a kunne ba, har da nawa.

Ina godiya ga malam liman da shugabanni, da likita, da duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Ina godiya ta musamman ga waɗanda za su yi turi, a fara da babbar farar motar da ta tare ƙofa.

Allah ya jiƙan wannan bawa naka da bai zalunci ko guntun ƙarfe ba. Ka yi masa hisabi mai sauƙi, ka yalwata masa makwanci, ka ba shi hutun da muka hana shi. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka raya 'ya'yansa, ka yafe mana abin da muka yi da saninmu da wanda muka yi da sunan gaggawa. Shi kuma Auta, ya Ubangiji, idan akwai abin da ke ɓoye a ƙirjinsa, muna roƙonka ka fito da shi gobe ko jibi, lokacin da na'urar ke jikinsa, a gan shi, a san sunansa, a yi masa magani. Idan kuma babu, ka bar mana shi ya tsufa yana ƙin motocinmu.

Amin. Malam liman, a rufe mana.